Ruwan Tulu a Kan Soro

A Ronin ƙuruciyarmu, in ka hau dutse ka leƙo gari, soraye za ka gani da ɗakunan jinka, jan ƙasa ko'ina. Yau in ka hau dutsen nan, ƙyallin kwano sai ya kashe maka ido. Ban ce wancan zamanin ya fi ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina tuƙin babbar mota, ina kuma yi wa fatake tafinta da Faransanci da Larabci da Fillanci. Na kwana ƙarƙashin rufi iri-iri, daga Agadas har Kumasi, daga Injamena har Umdurman, na kuwa san daɗin ɗakin da ba ya yoyo. Sai dai kwano ya kashe wani aiki da ake yi kafin damina, saura kaɗan kuma ya kashe wata tatsuniya da ke tafe da aikin.

Kakata ce ke ba mu ita, Iya Tasalla, mahaifiyar babanmu. Lokacin sanyi, da an ci tuwo bayan magariba, takan jawo garwashin murhu tsakar gida, ta ƙara kara biyu, ta juye mana gyaɗa a faifai. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Hannunka na ɓara, kunnenka na ji, wanda kuma ta kama yana kai gyaɗa baki sai ta tsayar da labari daidai inda ya fi daɗi, har sai sauran yara sun rama mata.

Takan fara da cewa, "Ga ta nan tafe, ta gaji da hanya." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wai wasu 'yan'uwa biyu ne, wa da ƙane, ubansu ya mutu ya bar wa kowa soro ɗaya, da tukunyar makuba guda su raba. Makuba ita ce abin da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa a shafe rufin soro don kada ruwa ya ratsa. Da aka raba, rabon kowa bai isa rufi ɗaya ba, ga damina ta matso.

Wan ya tashi da asuba ya hau soro. Ya raba makubarsa daidai wa daida, ya bi rufin nan kusurwa zuwa kusurwa, ya shafe ko'ina siriri-siriri. Kwana bakwai yana yi, har gwiwoyinsa suka saɓule. Da ya gama, soro ya yi sumul, masu wucewa suna tsayawa kallo.

Ƙanen kuwa bai taɓa makubarsa ba. Tulu ya ɗauka ya nufi rijiya, a tsakiyar rani, lokacin da ruwa ke wuya. Ya zaunar da matarsa cikin ɗaki da guntun gawayi a hannu, ya hau sama ya tuttule tulun. A nan Iya takan sirantar da murya ta yi ta mutanen gari: "Jama'a, ku zo ku ga mai shayar da soro! Malam, gero ka shuka ne ko dawa?" Sai kuma ta koma muryar matar daga ciki: "Maigida, ka jiƙa mini shimfiɗa!" Shi kuma daga sama: "Ki zana wurin, ki yi faɗan daga baya." Mukan yi dariya har gyaɗa ta zube.

Akwai wata tsaga babba a rufin da ta daɗe tana hana ƙanen barci. Ruwa bai bi ta nan ba, ashe iyakarta fata. Wuri uku ne suka ɗiga, mafi muni kuma gefen indararo, inda ya fi ko'ina santsi, inda ko kallo ba ya yi. Ya zuba makubarsa a wuraren ukun da kauri, ya bari ta bushe, ya sake ɗauko tulu. Wuri ɗaya bai daina ba. Ya sake. Da ruwan farko ya sauko, wan ya wuni yana jera ƙorai a tsakar ɗaki, hatsinsa ya jiƙe, ƙanen kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ruwa.

Abin da ban manta ba, Iya ba ta taɓa bari mu yi wa wan dariya ba. Na taɓa ce masa wawa, ta doke ni da muciya a gwiwa. Ta ce, "Kai, rufe bakinka. Ya fi ƙanen shan wahala. Ba lalaci ne ya hana shi ɗaukar tulu ba, tsoro yake ji ya gani." Sannan ta rufe da cewa tatsuniya ta naɗe tabarmarta, mu kwashe ɓawo.

Sai da na tsufa na dawo gida na zauna a Kazaure, sannan na ga wan nan da idona, a siffar jikata Hafsatu.

Hafsatu tana aiki a ofishin kuɗi na wani kamfanin casar shinkafa. Ta ci duk takardun jarrabawar ƙwararrun akantoci, sai ɓangaren haraji da ya kayar da ita sau biyu. An faɗa mata a wurin aiki cewa kujerar babban akanta tana jiranta, amma in ta sake faɗuwa za a ɗauko wani daga Kano. Saura mako shida a shiga jarrabawar ta zo gaishe ni bayan la'asar, da wani littafi mai kaurin tubali, idanunta sun faɗa.

Na ce, "Amarya, kin bar tsohon mijinki kin auri littafi?"

Ta ce, "Alhaji, shi dai bai taɓa tambayata goro ba."

Ta nuna mini tsarin da ta zana a takarda da rula. Babi ashirin da huɗu, mako shida, kowane mako babi huɗu, daga shafin farko har na ƙarshe. Ni ban san haraji ba sai wanda na biya a kan iyakoki, amma na san makuba in an shafa ta siriri. Na tambaye ta ko haka ta yi a karo biyun baya. Ta ce haka ta yi, ta ma fi haka. Na ce, to tambayoyin shekarun baya fa, tana da su? Ta ce suna cikin akwati, tun faɗuwar farko ba ta buɗe su ba.

"Alhaji, in na gwada a gida na faɗi, da wane ƙarfin zan shiga ɗakin jarrabawa?"

Na tuna muciyar Iya. Ban yi mata faɗa ba, tatsuniyar na ba ta, har da muryar mutanen gari, ko da yake ban iya ta kamar mai ita ba. Ta yi dariya a wurin shimfiɗar da ta jiƙe, sannan dariyar ta tsaya.

Na ce, "Ruwan tulu naki ne. In kin ce ya tsaya, ya tsaya, kuma ba mai gani sai na cikin ɗaki. Ruwan sama ba ya jin magana."

Ranar Asabar mijinta ya kai yaransu garin Gwiwa wurin mahaifiyarsa. Hafsatu ta zauna a zaurena da takardar tambayoyi guda, littafi a rufe, ni kuma na riƙe agogo. Da lokaci ya cika na ce a ajiye alƙalami. Ta roƙi minti biyar, na ce hadari ba ya ƙara wa kowa. Ta ɗauko amsoshin ta duba kanta da jan biro, ta ga ba ta kai rabi ba. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka. Na bar ta ta gama, sannan na ce, "To, a ina ya ɗiga?"

Da ta share ido ta bi takardar, sai ta yi mamaki. Harajin kamfanoni da take tsoro, wanda ta yi niyyar farawa da shi, kusan duk ta samu. Inda ta zube shi ne harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, aikin da take yi kowane wata a ofis, wanda don ta saba da shi ba ta taɓa zama ta karanta ƙa'idarsa ba. Na ce ga gefen indararo. Na biyu, bayanan da take bita da su na tsohuwar doka ne, an yi wa wasu sassan gyara ba ta bi ba. Na uku, ta daɗe a tambayar farko tana ƙawata ta, har ba ta kai ta ƙarshe ba.

A nan zauren ta juya takardar tsarin ta zana sabo a bayanta, ba rula. Mako uku na farko na wuraren nan ne. Ta kira wata ƙawarta ta turo mata sababbin bayanai. Kowace tambaya ta yanka mata lokaci gwargwadon makinta. Kowace Asabar kuma a sake zuba tulu, abin da ya ɗiga shi ne aikin mako mai zuwa. Makon ƙarshe kawai ta bar wa bin littafin gaba ɗaya. Asabar ta uku harajin albashi ya sake ɗiga, ta ce, "Wannan indararon ya raina ni," amma ba ta yi kuka ba.

Ranar da sakamako ya fito ba ta yi waya ba. Ɗan acaba ne ya sauke ta a ƙofata, rungume da sabon tulu daga kasuwa. Ta dire shi a gabana ta ce, "Alhaji, ga sadakinka na mayar, na samu kujera."

Ina yawan tunanin wan nan na tatsuniya. A duk ƙasar da na zauna na gan shi, cikin direbobi da malamai da 'yan kasuwa, na kuma gan shi a kaina ba sau ɗaya ba. Mutum ne mai ƙoƙari wanda ya gwammace ya gaji da ya ga inda yake yoyo, kuma abin da yake bukata ba gori ba ne, wani ne da zai zauna a ciki ya riƙe masa gawayi. Soraye sun tafi, ba za su dawo ba. Amma tun daga shekarar nan, ba wanda ya sake shiga jarrabawa a zuri'armu bai fara zama a zaurena ranar Asabar ba, littafi a rufe, tulun Hafsatu a gefe.