Kwalabe Uku a Ƙarƙashin Hijabi

Yola

Ana idar da sallar asuba na bar gidanmu a Adarawo. Mai gadin ɗakin bincikenmu ne ya bugo waya, wai akwatin ɗumi ya mutu. A cikinsa nake renon ƙwayoyin halitta daga ƙwaƙwalwar ɓera, irin waɗanda ke ciyar da jijiyoyi suna share musu datti. Kusan shekara ina canja musu ruwa ina jira su tsufa, don in ga ɓarnar da tsufa ke yi musu. In suka mutu, sai dai in koma farko. Dada, mahaifiyata, ita ta jefa ni wannan aiki ranar da mantuwar tsufa ta sa ta fara tambayata ni 'yar waye.

Ɗumin jikin mutum suke so, ba sanyi ba zafi. Ƙawata Rifkatu ta ce akwatin ɗakin bincikensu na Jimeta yana aiki. Na toshe kwalabe ukun da ƙwayoyin ke ciki, na ɗaure su a cikina da zane, na zura hijabi na tari keke napep.

Shinge

A shekarun nan bam na tashi a kasuwanni, kowane shinge sai an sauka. Tun kafin a tambaye ni na ɗaga katin aikina na faɗi abin da na ɗauko. Wani mai bindiga ya yi tsalle baya.

"Hajiya, tsaya can! Mene ne kika ɗaure a cikinki?"

Ban ga laifin tsoronsa ba, ni ma tsoron nake kwana da shi. Abin da ya ƙona min rai, ya ƙi ko kallon katin. Ya sa na jera kwalaben a kan kwalta, nesa da mutane, sai oga ya zo. Oga kuwa ya tafi karin kumallo, kuma da alama tuwo ake tuƙa masa. Hantsi ya ɗaga, rana irin ta Yola. Na roƙa, na yi bayani, na yi masifa har muryata ta dishe. Ina tsaye ina kallon aikina yana dahuwa.

Wata dattijuwa da muka hau keke tare, 'yar gudun hijira daga sansanin Malkohi, ta gaji. Ta taka har wajen kwalaben, ana yi mata tsawa ko waige, ta kifa musu faifanta don ta kare su daga rana.

"Yaro, ni na ga bam na gaske. A ƙofar gidana ya tashi. Ba haka yake ba."

Da oga ya iso, kallo ɗaya ya yi wa katin ya ce in wuce. Ko haƙuri babu.

Jimeta

Rifkatu na bakin ƙofa. Ta sa kwalaben a madubin ƙara girma ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun tafi, ƙwayoyin sun saki sun dunƙule suna yawo a ruwa. A ta uku ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira ni.

"Adda, zo ki gani. Tsofaffin nan naki sun riƙe."

Gida

Bayan la'asar na koma Adarawo, har lokacin ina cike da haushi. Na gode wa Allah, na gode wa Rifkatu, da dattijuwar nan da ban ma samu jin sunanta ba. Dada na zaune a tabarma. Ta dube ni da fara'a ta ce, "Baƙuwa, daga ina? Kin sha rana."