Filin Tseren Kawu a Harra ta Yamma

Rannan na tsaya a bakin wani banshar a unguwar Ƙurban, nan birnin Manzo, ina jiran a yi wa motar ɗana facin taya, sai iska ta kwaso warin roba mai zafi ta watsa mini a fuska. Ban san lokacin da na dafa bango ba. Ɗana ya tambaye ni da Larabci ko jiri nake ji, na ce masa a'a. Da wane baki zan fara gaya masa cewa warin nan ya mayar da ni saman gidanmu na Harra ta Yamma, ina yarinya, na ɗora haɓa a kan katanga ina kallon ƙura tana tashi daga filin Kawu?

Idan ba ka san Harra ta wancan lokacin ba, ka ƙaddara baƙaƙen duwatsu masu kaifi shimfiɗe har iyakar gani, gidajenmu na bulo a tsakaninsu. Da rani dutsen yakan riƙe zafi har bayan magariba. Gidanmu babba ne: Kaka, da Umma da Abba da mu 'ya'yansu, sai Kawu, wan Umma, a ɗakin bakin ƙofa. Daga Sudan ya zo yana saurayi, ya zama makanike a wata warsha, wato garejin gyaran mota. Bai taɓa aure ba. Hannuwansa kullum baƙi ƙirin da mai, ko ranar Juma'a sabulu ba ya fitar da shi duka.

Wani mai mota ne ya ba shi kaset ɗin bidiyo na wani tseren motoci da ake yi a Amurka shekara-shekara. Motocin ba su da rufi, tayoyinsu a waje suke tsirara, direba a kishingiɗe a tsakiya kansa kaɗai ake gani. Filin kuwa kamar ƙwai yake, ana ta zagaya shi ta hannun hagu. Kawu ya kalli kaset ɗin har hoton ya soma rawa, sannan ya bi duk wanda ya san wani abu a kan tseren yana tambaya. Da sanyi, in an kunna gawayi ana dafa shayi a tsakar gida, sai ya ba mu tarihinsa. Ya ce an fara shi tun ba a haifi Kaka ba, kuma da farko da tubali aka shimfiɗe hanyar, motoci na bi haƙoran direba na kaɗawa. A zamanin nan, in ji shi, kowane direba da makanikensa a gefe, yana duba masa baya yana lura da mai, kuma in mota ta kife makaniken ne yakan fara tafiya. Daga baya aka daina ɗaukar su, aka zuba kwalta, aka mayar da inji bayan direba. Wanda ya ci kuma madara ake miƙa masa ya sha a gaban jama'a.

"Da a can aka haife ni a lokacin," yakan ce, "da ni ne na gefen direba."

Kaka ba ta taɓa son labarin ba. "Zagaye ta hagu ɗawafi na sani," ta ce masa wata rana. "Su kuwa me ke tsakiyar nasu? Ciyawa. Allah ya shirye ka."

A bayan gidanmu akwai wani wuri da ƙasa ta ɗan kwanta. Kawu ya tara samarin unguwa, suka shafe sanyi guda suna kwashe duwatsu da hannu suna jerawa a gefe, har da'ira ta fito. Ya samo injinan ban ruwa da masu gonakin dabino suka yar, da bututun ƙarfe da tayoyin baro, ya haɗa motoci ƙanana masu tayoyi a waje kamar na kaset. Tun daga nan, duk shekara in alhazai sun watse, gari ya yi shiru, aiki ya yi sauƙi, sai a sa ranar tsere bayan la'asar. Maza su tsaya bayan duwatsu, mu mata mu hau saman gidaje. 'Yan Chadi da 'yan Sudan da waɗanda aka haifa a nan, kowa na ihu da irin Hausarsa, yara na "yalla, yalla!" Duk da faɗanta, Kaka ce ke aika kwanon nono wa wanda ya ci.

Yayana, babban ɗan Umma, shi ya fi kowa shan nonon nan. Dogo ne siriri, mai yawan dariya, kuma tun yana ƙarami yake bin Kawu warsha. In ya shiga kwana ba ya sassautawa. Umma takan rufe fuska da mayafi, ta ce in gaya mata in ya wuce. Kawu ya sha ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada ya bari tayarsa ta taɓa ta wani, domin taya in ta hau taya, sama take jefa mota.

Abin da ya faru ke nan a shekarar ƙarshe. Ina kallo. Yaya ya matso ɗan maƙwabcinmu a kwanar da ke fuskantar gidanmu, yana son ya wuce ta ciki. Na ga motarsa ta ɗaga kamar an ɗauke ta da hannu, ta juya, ta faɗa kan duwatsun da suka jera da kansu. Injin bai mutu ba, taya ɗaya na ta juyawa a sama. Umma ta ce, "Ya wuce?" Na dafa kafaɗarta. Sai ta sauke mayafin.

Bai mutu ba. Bayansa ne ya karye. Ya daɗe a asibiti, aka dawo mana da shi ƙafafunsa ba sa jin komai. Abba ya ce ƙaddara ce, ya hana kowa ya ɗora wa ɗan maƙwabci laifi. Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ranar da aka shigo da Yaya, ta tsaya a ƙofar ɗakin Kawu ta ce, "Na ba ka shi da ƙafafunsa." Daga wannan ba ta sake yi masa magana ba.

Kawu ya yanka motocin da wutar walda, ya ajiye tayoyi biyu da kujera ɗaya ya haɗa wa Yaya keken zama. Kowace safiya kafin ya tafi warsha, shi ke ɗaga shi ya yi masa wanka, ya juya shi saboda gyambo. Ranar Juma'a ya tura shi har masallacin Harami. Umma takan zuba abincin Kawu ta ba ni in kai masa. In suka haɗu a tsakar gida, sai ta juya ta shiga kicin. Kaka ta yi roƙo, ta yi faɗa, har ta rasu ba ta ga sun shirya ba.

Yaya shi bai riƙe Kawu da komai ba. Na taɓa jin yana cewa, "Kawu, ba ni labarin masu tubali mana."

"Na manta shi," in ji Kawu.

"Wallahi ba ka manta ba. Ni na matse ɗan maƙwabcin nan, ba kai ba."

Kawu ya ci gaba da shafa masa mai a ƙafa, bai ɗago ba.

Haka aka yi shekaru, jikin Yaya na raguwa, har ciwon ƙoda ya ɗauke shi wani rani. Aka yi masa salla a Harami, maza suka shiga da shi maƙabartar Baƙi'a, ni da Umma muka tsaya daga wajen katanga. Na ga Kawu a gaban makara, kafaɗarsa a ƙarƙashinta, ya ƙi ba kowa wuri. Na ɗauka a ranar Umma za ta ce masa wani abu. Ba ta ce ba.

Yau babu filin. An fasa duwatsun, an yi titi da benaye, ko ni sai na yi da gaske nake gane inda kwanar take. 'Ya'yana suna kallon irin tseren nan a waya, an ce yanzu har wani gilashi aka sa ya kare kan direba. Suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsa mini, kuma ba su san akwai lokacin da unguwa guda takan hau saman gidaje saboda motocin da aka haɗa da injin ban ruwa ba.

Kawu na nan da rai, a gidan Umma a unguwar Al-Sih. Tsufa ya cinye masa tunani. Da ya fara ɓata a hanya, Umma ce da kanta ta ce a kawo mata shi. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke yanke masa farce, hannuwan nan da yanzu suka yi fari tas. Tana yi masa hira tun safe har yamma, ta ba shi labarin garinsu na Sudan, ta tambaye shi ko shayin ya yi masa zafi, maganar shekaru duk tana ta fitowa. Shi kuwa sai ya dube ta da ladabi irin na baƙo.

Makon jiya ina zaune ya kama hannunta ya ce, "Hajiya, don Allah in kin ga ƙanwata ki ce mata ina nemanta. Fushi take da ni."

Umma ta gyara masa hula. "Zan gaya mata," ta ce. "Sha shayinka."