Zaren Likkafanin Gwaggo

Wataƙila na cakuɗa shekarun, domin abin ya daɗe, amma ina jin bayan na gama jami'a ne na koma Guri na tarar da gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana nan da tumakinta da ɗan fegin auduga a bayan gida. Ita ke gurzar audugar, ta yi shiɓa, ta kaɗa zare da mazari. Burinta ɗaya ne, a saƙa mata likkafani da zaren hannunta.

Masaƙin garinmu ya riga ya rasu, sai ta aike ni Haɗeja da Kafin Hausa neman wani. Wanda na samu ya ce ya daɗe da barin saƙa, kifi yake sayarwa.

Na ce, "Gwaggo, ko dai a haƙura?"

Ta ce, "Duk bokon naka, masaƙi ɗaya ya gagare ka? Sake komawa."

Har ta rasu ban samo masaƙi ko ɗaya ba, da farin yadin kasuwa muka suturta ta. Zaren yana cikin tukunya har yau, asu yana ci. In akwai wanda ya san masaƙin da ya rage a lokacin, don Allah ya aiko ya gyara mini, ko da yake ban ga amfanin da zai yi mata ba.