Lado da Tukunyar Sanholo

A makaranta a Ikko an koya mana cewa iska tana cin ƙarfe, ta bar masa ɓawo. Na haddace, amma ina shakkar ko abin yana da amfani a wajen aji, sai da na dawo Kibiya na ji labarin kawuna Lado.

Lado maƙerin tagulla ne, mutumin da ba ya iya zama. Mundayensa sun zaga Tarai da Durba. In sun yi kore, ya dirje su da tsamiya da toka, su fito jawur. Haka ya rayu har shekarar samun 'yancin kai, lokacin da tukwanen sanholo, farin ƙarfen nan mara nauyi, suka cika kasuwar Rano, mata suka rage kawo masa aiki.

Ran nan Huseina mai tuwo, taubashiyarsa, ta dire masa tukunyarta ta sanholo da ta ɓule.

"Bawana, liƙe min kafin ranar kasuwa. In ta fi ƙarfinka, in ba direba ya kai Kano."

Lado ya san in tukunyar nan ta tafi Kano, sauran aikin garin zai bi ta.

Ya yi mata yadda yake yi wa tagulla. Ya kankare bakin ɓular har ya yi ƙyalli, ya ɗiga dalma. Dalmar ta dunƙule, ta gangara ƙasa. Ya sake kankarewa. Ya sa tsamiya, ya sa lemon tsami, ya canja gawayi, ya zagi zugazugi. Ya fita, ya dawo, tuwonsa ya huce. Bai san cewa sanholo, da an kankare shi, nan take iska take mayar masa da wata fata siririya wadda ido ba ya gani ba, kuma dalma ba ta kama ta.

Ana gobe kasuwa ya haƙura da liƙi. Ya danna wata tukunya a jiƙaƙƙen yashi ya fitar da siffarta, ya farfasa tukunyar Huseina, ya narka, ya kwashe dattin da ya taso, ya zuba a cikin siffar.

"Ta yi ƙanƙanta," in ji Huseina, tana ƙwanƙwasa ta. Amma ta ɗauka, washegari ta turo maƙwabtanta. Da zubin tukwane Lado ya tsufa.

Da na yi masa bayanin fatar, na ce, "Kawu, da ka san da ita, da ka bar kankarar?"

"Ina! Da na ce ƙarya ce, na ƙara dirzawa."