Baba Doremi da Ƙahon Auta

Kullum da la'asar Baba Doremi yakan buɗe ɗakin da yake koya wa yara kiɗa, ya yayyafa ruwa, ya share, ya jera kayansa a kan dogon benci: ganga, sarewa, jita, ƙaramin fiyano, da ƙahon ƙarfe mai maɓallai uku. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Tun da matata ta rasu babu mai katse mini karatu sai ɗalibansa. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da yawa, ban ga inda aka azabtar da fursuna da sarewar ɗan shekara bakwai ba. Mayaƙan sun yi sake.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Ban saba yabon mutane ba, don galibinsu ba sa ba ni dalili. Wannan ya ba ni.

Iyaye sukan zo da zaɓinsu a baki. Uba na son fiyano don ya gani a falon ogansa. Uwa na son duk abin da ba ya ƙara. Sai Baba ya ce, "Madalla. Ku ɗan sha iska a waje." Ya bar yaro da benci, shi kuma ya duƙufa gyaran wata tsirkiya da ba abin da ya same ta. Abin da yaro ya fara ɗauka bai dame shi ba, kowa ganga yake fara duka. Sai an ce a tafi gida yake ɗaga kai, ya ga wanne yaron zai waiwaya a bakin ƙofa.

Bara mai ɗinkin layinmu ta kawo autarta. Mai mai zafi ya ƙona hannun hagun yarinyar tun tana rarrafe, yatsun suka ƙanƙance. Uwar ta ɗinka mata safar hannu, ko wajen cin abinci ba ta cirewa. Ranar Auta ba ta taɓa komai a bencin ba. Amma da za su fita, ta waiwayi ƙaho.

"Baba, a ba ta fiyano," in ji uwar. "Ta buga da dama, ɗayan ya zauna a cinya."

"Hajiya, ke kika zo koyo? In ke ce, zauna in gwada ki."

"Ƙahon nan fa ɗaga shi ake yi gaban jama'a!"

"Ai shi ya sa ake jin sa. Dama ta danna, hagu ya riƙe. Riƙewa kawai."

Sai dai ƙarfe ba ya shiri da safa. Da Auta ta ɗaga sai ya sulluɓe. Baba bai lallashe ta ba, bai kuma yi mata wa'azi ba. "Jikata, santsi yake yi. Ki yi shawara da shi." Ta yi watanni tana busa tana fuskantar bango, ƙahon a jingine da gwiwarta. Bangona ne, zan iya ba da shaida.

Ranar da aka gayyaci iyaye, ni ma na je, don in ga fuskokin masu laifi. Da aka kira Auta, ta ɗaga ƙaho, ya zame. Ta sake, ya zame. Wani yaro ya yi dariya. Baba ya tsura wa rufi ido kamar mai neman inda yake yoyo. Sai yarinyar ta kama safar da haƙora, ta fizge, ta tofar. Sautin da ya fito, tsakani da Allah, ya fi kama da kukan akuya. Ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba. Uwar kuwa ta ɗaga murya daga baya: "Ke Auta, ɗaga da kyau mana, ba ma gani!"

Baba, kai ne mai haƙurin da ya gagari sauranmu. Kai ne ka bar yarinya ta cire abin da da an cire mata, da ba ta ƙara taka ɗakinka ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma iyaye da malamai, in yaro zai fara koyon abu, ku rage surutu, ku matsa gefe kamar yadda dattijon nan yake yi. Auta dai yanzu da hannu a buɗe take zuwa aike, har da shi take nuna ni tana cewa, "Kawu, gobe a ƙofarka zan yi gwaji."