Zanen da Na Wanke a Wuyan Yayana

Mun tashi daga Ƙofar Taramniya a Sakkwato da ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, ranar Talata. Mu huɗu ne a wurin: ni, da yayana wanda shi ne marar lafiyar, da matarsa da ta tsaya daga zaure, da maƙwabcinmu da ya kai mu tasha. Na duba agogo na rubuta lokacin a littafina, kamar yadda nake yi a wurin aiki. Ni mai kula da sito ne a ma'aikatar gwamnati. Karatuna ya tsaya a firamare, amma ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannuna ba.

Yayana baduku ne. Wata biyar kafin tafiyar, wani kumburi ya fito masa a ƙarƙashin kunnen hagu, ya yi ta girma har tuwo ya fara gagararsa haɗiya. A asibitin garinmu aka yanki ɗan nama aka aika gwaji. Sakamako ya dawo cewa ciwon daji ne, maganinsa gashi, injin gashin kuwa sai Ikko. Dangi suka ce ni zan raka shi, don ni ne mai tsari.

Mun bi ta Jega, muka yi azahar a Yawuri. Hanyar cike take da tankokin mai da manyan motoci ɗauke da siminti, kowa gini yake yi yanzu. Sau uku soja suka tsayar da mu kafin Kwantagora. A shinge na biyu wani kofur ya leƙo, ya ga wuyan yayana, ya mayar wa direba takardunsa bai buɗe ba. A Jaba na sayi soyayyen kifi, mai kifin ta faɗi kuɗin da a Sakkwato zai sayi kaza da ranta. Na yi mata faɗa, ta ce in ban saya ba direbobin tanki za su saya. Yayana kunu kawai ya sha. Ya ce in ci kifin a hankali, in bar shi ya ji ƙanshin, tunda da kuɗinsa aka saya. Muka kwana a Ilori, muka wuce Badun da hantsi, muka shiga Ikko da la'asar.

A Agege muka sauka, gidan wani ɗan garinmu mai fataucin goro. Ikko gari ne marar tsari. Mota takan tsaya wuri ɗaya har mai talla ya sayar maka da biredi, ya je ya kawo canji, ya dawo ya same ka. Gumi ba ya bushewa a jiki. Daga kan gada na hango jiragen ruwa jere a teku suna jiran a sauke musu kaya, na ce a raina da ni aka ba aikin nan da tuni an gama.

Sai da muka yi mako guda muna zirga-zirga kafin mu ga likitan gashi. Ya karanta takardarmu, ya ɗago kai ya ce, “Mutanen Sakkwato, kun tahi lahiya?” Ashe a Sabon Garinmu aka haife shi. Kirista ne, iyayensa mutanen wajen Jos, mahaifinsa ya koyar a makarantar firamare shekaru da yawa. Ya tambayi ko har yanzu ana sayar da kilishi a bakin tsohuwar kasuwa. Na faɗi wannan don kada wani ya nema mini uzuri da rashin jin Turanci. Duk abin da ya gaya mana, da Hausar gidanmu ya gaya mana.

Na lura da aikinsa, kuma ya burge ni. Injin ɗaya ne tak, yana cikin wani ɗaki mai kaurin bango, ƙofarsa sai mutum biyu sun tura. Marasa lafiya daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna zaune a benci, kowa da ranarsa da mintocinsa. Likitan yakan ɗora hoton ƙashi a jikin fitila, ya auna, ya yi lissafi da fensir, ya ba wani ya sake lissafin. Na ce yau na ga ɗan'uwana a tsari.

Ranar Laraba aka kwantar da yayana a kan wani tebur, aka tallafe masa ƙeya, aka ɗaga haɓarsa sama, aka ɗauki hoto. Sannan likita ya zana masa layuka huɗu da shuɗiyar tawada a wuya, da ɗan gicciye a tsakiya. Ya yi mana bayani cewa ta cikin wannan zane hasken injin zai bi ya ƙone ciwon, a bayansa kaɗan kuma laka ce, wadda in an ƙone ta mutum ba zai ƙara tafiya ba. Ya ce kada ruwa ya taɓa wurin, kada sabulu, kada a goge. Wanka daga ƙirji zuwa ƙasa, alwala a yi ta a hankali. In zanen ya dushe a dawo wurinsa. Za a fara gashi ran Litinin da ƙarfe tara. Na rubuta duka a littafina.

Ranar Juma'a da safe mai masaukinmu ya ce bayan masallaci 'yan Sakkwato mazauna Agege za su zo duba marar lafiya. Na dubi yayana. Gumi ya sa tawadar ta ɓata wuyan farar rigarsa, shi kuma ga shi da zane kamar buhun da aka yi wa lamba a sito. Raina ya ƙi. Na ce ba za a shigo a ga ɗan gidanmu haka ba, a koma gida ana ba da labari.

Ga abin da na yi, bi da bi. Na zaunar da shi a kujera. Na ɗauko rula na auna kowane layi daga kunne da kuma daga ƙashin muƙamuƙi, na rubuta. Na kawo ruwan ɗumi da soso da sabulu. Ya riƙe hannuna ya ce, “Akawu, likita ya hana hwa.” Akawu yake ce mini tun ranar da na fara aiki. Na ce masa awo awo ne, ko a hannun wa yake, kuma ni awo ne abincina. Ya sake ni. Na wanke wuyan tas. Baƙi suka zo, suka yi addu'a, suka yaba yadda nake kula da shi. Ran Lahadi da yamma na sayi tawada irin ta 'yan makaranta na mayar da layukan. Nawa sun ma fi na likita miƙewa, har na ji daɗin hakan.

Ran Litinin muna bencin tun ƙarfe bakwai da rabi. Da aka kira mu, aka kwantar da shi aka ɗaga haɓar kamar ranar farko, sai na ga layukana sun karkace. A zaune na auna, shi kuwa likita a kwance ya zana, fata ta ja. Ma'aikaciyar injin ta duba, ta fita ta kira likita. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya shafa da ɗan yatsa, tawadar ta biyo shi.

Ya ce, “Wa yat taɓa wanga zane?”

Littafin yana aljihuna, da awon a ciki da rubutun hannuna. Kafin in motsa, yayana ya ce daga kwance, “Ni na, likita. Ƙaiƙayi ya ishe ni, na wanke, na maida da kaina.”

Likita bai ɗaga murya ba. Ya nuna masa da yatsa inda gicciyen ya koma, ya ce da ma'aikaciyar ba ta lura ba, da hasken ya sauka kusa da laka. Ya ce shi kullum da tsoron wannan kuskure yake kwana, ga kuma dattijo da furfura ya mayar da abin wasa. Ya ce dole a sake hoto da lissafi, ɗakin hoton kuma akwai layi, mintocin yau za a ba wata mata da ta zo daga gabas. Ya ɗauki jan biro ya rubuta a katin yayana cewa marar lafiya ba ya bin umarni. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Malam, kai ka san aiki. Don Allah ka sa mishi ido.” Na ce to. Abin da na ce ke nan, to.

Kwana goma sha biyu muka jira. A cikinsu yayana ya bar kunu mai kauri ya koma tsararo, daga baya sai ruwan shayi da cokali. Ni nake ba shi, ina ganin maƙogwaronsa yana kokawa da kowane cokali. A kwana na biyar na tambaye shi abin da ya sa ya ɗauki laifina. Ya ce ya ga yadda aka kori wani ɗan rakiya da ya shafa wa uwarsa maganin gargajiya a wurin gashi. “In an kore ka, wa za shi riƙa rubuta ƙarhe nawa na yi tari?” Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari. Ban rubuta ba.

Da aka sake zanen aka fara gashi, mako shida muna zuwa, ban da Asabar da Lahadi. Wuyan ya yi baƙi ya saɓule, yawu ya ƙafe, muryarsa ta dushe. Kumburin ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba. Kullum ina ganin likitan, kullum yana gaishe ni da fara'a. Na shirya maganar a bakina ya fi sau goma. Ranar sallama na tambaye shi ko jinkirin nan ya yi ɓarna. Ya ce irin wannan ciwo ba ya son jira, amma ba zai iya auna mini abin da kwana goma sha biyu suka ci ba. Ya ce a dawo bayan wata uku, in da saura za a duba ko a ƙara gashi, sai dai layin yana da tsawo kuma yakan fara da waɗanda ya tabbata za su kiyaye. Ya miƙa mini hannu. Na karɓa na yi godiya na fito.

Mun iso Sakkwato ranar Alhamis da ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Unguwa ta cika gidan. Yayana ya sha fura rabin ƙwarya a gaban jama'a, matarsa ta yi kuka. Limaminmu ya ce kowa ya yi koyi da ni wajen riƙon zumunci. Yayana yana jin su, har yau kuma bai faɗa wa ko matarsa gaskiyar ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne kuma mai ɗaci. Na iya auna katako da kwano, sai na ɗauka na iya auna kowane abu. Na fi jin kunyar idon baƙi a kan tsoron ciwon ɗan'uwana. Da aka zo wurin faɗin gaskiya, marar lafiya da ke kwance ya fi ni ƙarfi.

Saura mako bakwai yayana ya koma Ikko, ni kuma an hana ni wani hutun, ƙanin matarsa ne zai raka shi. Jan rubutun yana nan a katinsa. Jiya na aika wa likita wasiƙa ta gidan waya, na faɗi kome da sunana, amma kun san yadda wasiƙu ke ɓata a hanyar Ikko. Saboda haka ina roƙon mai karatu: in kana da tafiya asibitin nan, ko ka san dangin likitan a Sabon Gari, ka isar masa da baki cewa badukun Sakkwato mai ciwon wuya bai taɓa zanensa ba. Ƙaninsa ne ya wanke. Don Allah likita ya soke jan rubutun nan kafin ranar ta zo.