Mai Daddawa da Yarinyar Cikin Rijiya

A layin masu kayan miya na Kasuwar Gombe akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Tabaraunta ya karye, da zare ta ɗaure shi a kunne. A cinyarta akwai littafin ban tsoro marar bango, wanda ya zo cikin tsofaffin takardun da take saye don ƙunshi. Sai ta karanta shafi take yage shi ta ƙunsa wa mai saye.

Yau da na zo sayen daddawa, shafukan da ta karanta sun ƙare, ga wani alhaji tsaye a kanta, ni ina bayansa.

"Adda, yagi na gaba mana! Da girmanki kina karatun aljanu?"

"Alhaji, yarinya na cikin rijiya, abin yana saukowa. Ba mai taɓa takardar nan sai na ga ta fito."

"To, zan yi gaba."

"A sauka lafiya."

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ina jin an taɓa raba ta da karatu, kamar yadda aka ƙone wa Goggona littattafanta, shi ya sa yanzu ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Na miƙa tafin hannuna. Ta zuba mini daddawar a ciki, idonta na kan shafin.